Matashi a Fina-finan Birtaniya Bayan Yaƙi: Daga Ɗan Daba Zuwa Mai Kuɗin Tikiti

A shekarar 1950, cikin fina-finan da aka shirya a Birtaniya babu wanda ya kai The Blue Lamp jan 'yan kallo. Labarin wani dattijon ɗan sanda ne, George Dixon, wanda ya san kowa a unguwarsa ta Landan, sai wani saurayi mara kunya ya bindige shi a ƙofar gidan silima lokacin fashi. A ƙarshen fim ɗin har tsofaffin ɓarayin gari sun ba 'yan sanda hannu aka kamo yaron, domin su ma suna ganin ya wuce gona da iri.

Shekara goma bayan haka, a watan Oktoban 1960, watan da Najeriya ta samu 'yancin kai, aka fitar da Saturday Night and Sunday Morning. Nan ma akwai saurayi mara kunya: yana shan giya har ya faɗo daga matakala, yana neman matar abokin aikinsa, ba ya ganin kowa da gashi. Amma a wannan karo shi ne jarumin, da bakinsa ake jin labarin, kuma jama'a sun cika gidajen kallo dominsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu ya saba jin muhawarar ko fim ne ke ɓata tarbiyyar matasa, ko kuwa abin da ke cikin al'umma ne kawai yake haskowa. Birtaniya ta tsakanin 1945 da 1970 wuri ne mai kyau na auna wannan tambaya, saboda alkaluman kasuwa da dokoki da fina-finan kansu duk suna nan a ajiye.

Sunayen da ake yawan cuɗawa

Kafin komai sai an fahimci abin da Turawan Ingila ke nufi da aji. A can, musamman a wancan zamani, ana gane matsayin mutum da zarar ya buɗe baki. Karin harshen mai arziki da wanda ya yi makarantar kwana ta kuɗi daban ne da na ɗan lebura daga garuruwan masana'antu na arewacin ƙasar. Har zuwa tsakiyar shekarun 1950, jarumin fim kusan kullum da karin manya yake magana, mai karin talakawa kuwa ana ba shi matsayin bara, ko direba, ko mai ba da dariya.

Akwai laƙabin "fusatattun samari" da jaridu suka manna wa wasu marubuta bayan wasan dandamalin John Osborne mai suna Look Back in Anger, wanda aka fara nunawa a Landan a watan Mayun 1956. Ba ƙungiya ba ce, yawancinsu ma ba su so sunan ba. Akwai kuma sunan da masu sharhi suka ba fina-finan, wanda ke nufin wurin wanke kwanuka na kicin, saboda labaran suna faruwa ne a ƙuntataccen gidan haya inda a ɗaki ɗaya ake girki, a ci abinci, a yi faɗa. Suna na uku daga Faransa aka aro shi, ma'anarsa sabuwar igiyar ruwa, wato sabon yayi. Fina-finan da ake nufi da shi ba su da yawa, ba su fi goma sha wani abu ba, kuma tsakanin 1959 da 1963 aka yi su.

Ƙasar da ta ci yaƙi ta fito da bashi

Birtaniya ta fita daga Yaƙin Duniya na Biyu da nasara, amma aljihunta babu komai. An ci gaba da rabon abinci da kati har zuwa 1954, burodi ma da ba a taɓa ƙayyade shi lokacin yaƙi ba sai da aka sa shi cikin rabo a 1946. Gwamnatin jam'iyyar Labour ta Clement Attlee, wadda ta hau mulki a 1945, ta kafa tsarin kula da lafiya kyauta a 1948. Dokar ilimi ta 1944 kuma ta sa karatun sakandare ya zama kyauta, sai dai ta zo da jarrabawar da ake yi wa yaro yana ɗan shekara 11. Kusan ɗaya cikin huɗu ne ke samun shiga makarantun da ke kai mutum jami'a ko aikin ofis. Sauran kan bar makaranta suna da shekara 15 su nufi masana'anta, ko shago, ko ramin kwal.

Wannan jarrabawa ta haifar da matasa iri biyu da za a yi ta gani a fim. Akwai ɗan talakan da ya ci, ya yi karatu, ya tashi ya ga manya ba su karɓe shi ba, gida kuma ya zame masa baƙo. Akwai wanda bai ci ba, wanda tun yana ƙarami ya san iyakar inda zai kai.

Kan wannan kuma ga aikin soja na tilas. Daga 1949 ana ɗaukar duk saurayi mai lafiya, wata 18 da farko, daga baya shekara biyu saboda yaƙin Koriya, ana tura wasu Kenya da Malaya da Kubrus inda daular ke fama da masu neman 'yanci. Sai a 1960 aka daina kiran sababbi. Rikicin mashigin Suwez na 1956, inda Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar ta Gamal Abdel Nasser sannan matsin Amurka ya sa suka janye, ya nuna wa matasa cewa dattawan da ke yi musu wa'azin girman daula ba su da ƙarfin da suke iƙirari.

Wa ya rage a gidan silima?

A nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne masu sharhi da yawa ke wucewa da sauri. A 1946 an sayar da tikitin silima kusan miliyan 1,635 a Birtaniya, adadin da ba a sake kaiwa ba. Zuwa 1960 ya faɗo kusan miliyan 500. A tsakanin nan gidajen da ke da lasisin talabijin sun tashi daga ƙasa da rabin miliyan a 1950 zuwa sama da miliyan 10, musamman bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 da buɗe tashar ITV mai tallace-tallace a 1955. Uwa da uba da ƙananan yara suka koma falo. Wanda ya ci gaba da fita da daddare shi ne saurayi da budurwa, waɗanda ke neman inda za su zauna nesa da idon iyaye.

Kuma suna da abin biya. A mafi yawan shekarun 1950 rashin aikin yi bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, yaro na barin makaranta aiki na jiransa. Wani mai binciken kasuwa, Mark Abrams, ya wallafa nazari a 1959 da ya nuna cewa ainihin abin da matasa ke samu ya ƙaru da kusan rabi idan aka kwatanta da 1938, ninki biyu na ƙarin da manya suka samu. Ba su da iyali, don haka kuɗin na tafiya ne a tufafi, faifan garmaho, sigari, babur da kallo. Mai shirya fim da ya ci gaba da nuna matashi a matsayin annoba yana zagin wanda ke ciyar da shi ne.

Lokacin da matashi yake matsala

Kafin kan 'yan kasuwa ya waye, tsoro ne ya mamaye allon. A Nuwamban 1952 wani yaro ɗan shekara 16, Christopher Craig, ya harbe ɗan sanda a Croydon. Shekarunsa ba su kai na rataya ba, sai aka rataye abokinsa Derek Bentley ɗan shekara 19 a Janairun 1953, duk da cewa yana hannun 'yan sanda lokacin da aka yi harbin. Sai a 1998 kotu ta soke hukuncin. A cikin wannan yanayi aka fitar da Cosh Boy a 1953, labarin shugaban 'yan daba mai dukan tsofaffin mata da kulki, inda maganin da fim ɗin ya kawo shi ne mijin uwa ya zare bel, 'yan sanda su kau da kai. Bayanin da ake bayarwa a lokacin ɗaya ne: yaƙi ya raba yara da iyaye maza, sun tashi babu mai kwaɓa.

Sai ga 'yan Teddy, samarin unguwannin talakawa masu sa doguwar kwat irin ta masu kuɗin zamanin Sarki Edward na Bakwai, inda sunan ya samo asali, domin Teddy laƙabi ne na mai suna Edward. Da fim ɗin kiɗan Amurka Rock Around the Clock ya iso a 1956, wasunsu suka tashi rawa a tsakanin kujeru, aka farke wasu kujerun, wasu majalisun garuruwa suka hana nuna shi. Fim ɗin 'yan babur na Marlon Brando, The Wild One na 1953, hukumar tace fina-finai ta ƙi ba shi izini har zuwa 1967.

Tsoron ba duka ƙirƙira ba ne. A ƙarshen Agustan 1958 gungun samari farare suka yi kwanaki suna kai wa baƙar fata 'yan yankin Karibiyan hari a Notting Hill. Shekara guda bayan haka Basil Dearden, wanda ya ba da umarnin The Blue Lamp, ya yi Sapphire, binciken kisan wata ɗaliba mai ruwa biyu da ake ɗauka Baturiya ce. Ɗan wasan Legas Orlando Martins ya fito a ciki. Fim ɗin ya la'anci wariyar launi ƙarara, sai dai ta idon ɗan sanda Bature ake kallon komai, baƙar fatan kuma abin bincike ne.

Saurayin masana'antar keke

Sauyin ya fara ne daga gefe. A Fabrairun 1956 Lindsay Anderson, Karel Reisz, Tony Richardson da Lorenza Mazzetti suka nuna gajerun fina-finansu a Landan ƙarƙashin sunan da ke nufin silima mai 'yanci: ƙaramar kyamara, kuɗi kaɗan, mutanen gaske a wurin rawa da wurin shaƙatawa. Richardson da Osborne suka kafa kamfanin shirya fina-finai na Woodfall a 1958. Amma wanda ya fara buɗe kasuwar shi ne Room at the Top na Jack Clayton a 1959, labarin ɗan talaka mai dogon buri da ya auri 'yar mai masana'anta, ya samu matsayin da yake nema, matar da yake so da gaske kuma ta mutu a hatsarin mota bayan ya rabu da ita. Simone Signoret ta ci kyautar Oscar da shi, masu zuba jari kuma suka ga cewa labarin manya mai ɗaci yana kawo kuɗi.

Arthur Seaton, jarumin Saturday Night and Sunday Morning, fim ɗin Reisz na 1960, wanda Albert Finney ya fito a matsayinsa, yana aiki ne a masana'antar Raleigh da ke Nottingham, inda ake ƙera keken nan da ya yi suna a ƙasar Hausa. Marubucin labarin, Alan Sillitoe, a wannan masana'anta ya fara aiki yana ɗan shekara 14. Arthur na samun kusan fam 14 a mako, kuɗi mai kauri ga saurayi a lokacin. Ba yunwa ke damunsa ba, kuma wannan shi ne sabon abu. Fina-finan talakawa na da suna magana ne kan rashi. Shi kuwa yana da kwat masu tsada a rataye, abin da ke cinsa shi ne ya dubi mahaifinsa zaune gaban talabijin ya ga kansa nan da shekara talatin. Bai yarda da mai masana'anta ba, bai yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, bai yarda da gwamnati ba. Tawayensa bai wuce daren Asabar ba. Ya yi wa matar aure ciki, sojoji biyu suka yi masa dukan kawo wuƙa, daga ƙarshe ya amince zai auri wata budurwa. A fitowa ta ƙarshe suna kan tudu suna hangen sababbin gidajen da ake ginawa, ita tana lissafin wanda za su shiga, shi kuma ya ɗauki dutse ya jefa wajen gidajen.

Irin wannan ƙarshe ya yi ta maimaituwa. A The Loneliness of the Long Distance Runner na 1962, yaron gidan horon kangararru ya kusa cin tseren da shugaban gidan ke alfahari da shi, sai ya ja ya tsaya daf da layi da gangan. A Billy Liar na 1963, saurayin da ya cika kowa da zancen tafiya Landan ya sauka daga jirgin ƙasa da sunan sayen madara, ya bari jirgin ya tafi da budurwar ita kaɗai. Duk suna iya cewa a'a, amma babu wanda ke da wurin zuwa.

Hannun mai tacewa

Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ba ta gwamnati ba ce. Masu sana'ar ne suka kafa ta a 1912, majalisun garuruwa kuma ke da hukuncin ƙarshe. A 1951 ta ƙirƙiro tambarin X na waɗanda suka kai shekara 16, amma manyan gidajen kallo sun daɗe suna gudunsa. John Trevelyan, sakatarenta daga 1958 zuwa 1971, ya ɗauki hanyar zama da masu shiri tun labari yana kan takarda. Ta haka aka bar maganar zubar da ciki ta shiga labarin Arthur Seaton, amma aka juya ta: a littafin yunƙurin ya yi nasara, a fim bai yi ba. Saboda haka abin da mai kallo ya gani a matsayin gaskiyar rayuwa, ciniki ne da aka ƙulla tsakanin marubuci, mai kuɗi da mai almakashi.

Waɗanda aka bari a gefen hoto

Mata ba su ji daɗin wannan yayi ba. A yawancin fina-finan mace ita ce tarkon: mai son aure, mai son kujeru da labule da talabijin, mai kashe wa namiji zuciya. Wanda ya saɓa shi ne A Taste of Honey na 1961, kuma ba mamaki, domin Shelagh Delaney ce ta rubuta asalin wasan tana 'yar shekara 19 a Salford. Yarinya 'yar makaranta ce a tsakiyar labarin, uwarta ta yi watsi da ita, ta samu ciki da wani matuƙin jirgin ruwa baƙar fata. Paul Danquah ne ya fito a wannan matsayi, ɗan J. B. Danquah, fitaccen ɗan siyasar Ghana. Ko a nan ma, jirginsa na tashi ya fita daga labarin. Dubban 'yan Karibiyan da Afirka da Asiya da ke aiki a asibitoci da motocin haya da masaƙu, waɗanda dokar shige da fice ta 1962 ta fara taƙaita zuwansu, kusan babu su a sabon yayin.

Landan ta karɓe, da kuɗin Amurka

Yayin bai daɗe ba. This Sporting Life na 1963 bai yi kasuwa ba, talabijin kuma ta riga ta ɗauke labarin unguwar talakawa da shirin Coronation Street tun Disamban 1960. A 1964 A Hard Day's Night ya nuna mawaƙan Beatles, samarin Liverpool masu karin garinsu, sun shiga jirgin da Billy ya kasa shiga, suna dariya. Daga nan kyamara ta bar hayaƙin arewa ta koma shagunan tufafi da ɗakunan ɗaukar hoto na Landan, har mujallar Time ta Amurka ta sa birnin a bangonta a Afrilun 1966.

Akwai dalilin kuɗi a ƙarƙashi. Tun 1950 ana cire wani abu daga kowane tikiti a zuba a asusun Eady, a raba wa fina-finan da aka yi a Birtaniya gwargwadon cinikinsu. Kamfanonin Amurka suka gane cewa su ma za su ci idan suka yi aiki a can. Bayan nasarar James Bond daga 1962 da Tom Jones na 1963, mafi yawan jarin fina-finan ƙasar ya koma nasu. Hoton Landan mai walwala kaya ne da aka shirya har da mai saye na ƙetare a zuciya. Da kamfanonin suka shiga asara a gida wajen 1969, suka kwashe kuɗinsu, masana'antar ta durƙushe.

Madubi ne ko mai koyarwa?

Masu ra'ayin riƙau na lokacin sun ce fim da kiɗan Amurka ne suka koya wa yara raini, suna kafa hujja da kujerun da aka farke a 1956 da faɗan gungun samari biyu masu gaba da juna, Mods da Rockers, a garuruwan bakin teku kamar Clacton da Brighton a 1964. Ba 'yan mazan jiya kaɗai ke da wannan damuwa ba: Richard Hoggart, ɗan talaka ne daga Leeds, a littafinsa na 1957 ya koka cewa nishaɗin kasuwa na cinye al'adar zumunci ta unguwannin ma'aikata. A ɗaya ɓangaren, masanin zamantakewa Stanley Cohen ya nuna a 1972 cewa jaridu sun kambama ɓarnar 1964 fiye da yadda ta faru, kambamawar kuma ta jawo wasu samarin zuwa wurin.

Masu yabon sabon yayi na cewa shi ne karo na farko da ɗan masana'anta ya ga kansa a allo a matsayin cikakken mutum. Masu suka, irin su John Hill a littafinsa na 1986, sun lura cewa masu ba da umarnin ba daga can suka fito ba: Anderson, Richardson da John Schlesinger, wanda ya yi Billy Liar, a jami'ar Oxford suka yi karatu, Reisz kuma a ta Cambridge. Shi ya sa kusan kowane fim ke da fitowar da ake hango gari daga kan tudu, kallon baƙo mai sha'awar hayaƙi. Sukar tana da ƙarfi, amma ba ta share cewa marubuta da 'yan wasan 'yan gida ne: Finney daga Salford, Tom Courtenay, jarumin Billy Liar, daga Hull, David Storey, marubucin This Sporting Life, ɗan mai haƙar kwal.

Abin da ɓangarorin biyu kan manta shi ne abin da jama'a suka fi kalla. Fina-finan jarumtar yaƙi kamar The Dam Busters na 1955, da barkwancin Carry On da ya fara a 1958, su ne suka riƙe kasuwa. Wanda ya ɗauki fina-finai goma a matsayin hoton ƙasa mai mutum sama da miliyan 50 zai yi kuskure.

Abin da ya taɓa talaka

Dokoki sun sauya a jere: an dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, an halatta zubar da ciki bisa sharuɗɗa a 1967, a shekarar kuma aka janye hukunci kan tarayyar maza biyu manya a keɓe a Ingila da Wales, batun da fim ɗin Victim na 1961 ya taɓo ta fuskar masu karɓar kuɗin rufin asiri. A 1969 aka sassauta dokar saki, aka rage shekarun zaɓe zuwa 18. Babu wadda fim ya kawo shi kaɗai. Rahotannin kwamitoci, shari'o'i irin ta Bentley da 'yan majalisa ne suka yi aikin, fim kuma ya sa batun ya zama abin da za a iya tattaunawa a teburin cin abinci. Wasan talabijin na Ken Loach kan rashin muhalli, Cathy Come Home, wanda kusan mutum miliyan 12 suka kalla a Nuwamban 1966, ya fi kowane fim ɗin silima girgiza jama'a.

Karin harshen talaka ya daina zama abin kunya a allo, kuma ɗan mai dakon kifi a kasuwa kamar Michael Caine ya zama tauraron duniya ba tare da ya sauya bakinsa ba. Gidajen silima na unguwa kuwa suka yi ta rufewa, da yawa suka koma wuraren cacar bingo, tikiti ya faɗo ƙasa da miliyan 200 a 1970.

Ga yawancin yaran da suka faɗi jarrabawar shekara 11, walwalar Landan labari ce kawai. Loach ya koma kansu a Kes na 1969, wanda aka ɗauka a Barnsley da yaran makarantar garin. Jarumin fim ɗin, Billy Casper, yana daf da barin makaranta, ramin kwal na jiransa, malamai sun yanke ƙauna da shi, amma ya saci littafi ya koya wa kansa horar da ƙaramin shaho. Jami'in samar da aiki ya zauna da shi 'yan mintoci bai gano haka ba. Sai a 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16.